Na gyara wa ɗana kwalekwalen da yake haɗawa, sai ya daina taɓa shi

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Zariya. Ƙanena da ke zaune a Amurka ya zo hutu, ya kawo wa ɗana mai shekara 14 wani kwali cike da siraran katakai da aka riga aka yanka, da littafin bayani mai hotuna. Idan an haɗa su ana samun ɗan ƙaramin kwalekwalen masunta, tsawonsa taƙi ɗaya da 'yan kai. A jikin kwalin an rubuta Lowell Grand Banks Dory, 1:24. Yaron ya ɗauki abin da zafi, kullum bayan la'asar yana kai. Ya haɗa gindin da haƙarƙarin, wato katakan da ake liƙa falankan gefe a kansu, amma da ya zo falankan gefe sai ɗaya ya karye, wani kuma ya liƙa shi a karkace. Na ga ransa ya ɓaci. Da dare bayan ya kwanta na ɗauko, na ɓamɓare nasa, na liƙe gefe ɗaya gaba ɗaya da sufa gulu don ya tashi ya ga an ci gaba. Da safe ya duba, ya ce "an gode, Baba", ya mayar cikin kwali. Yau wata guda bai sake buɗewa ba, ga shi kuma jirgin ya murɗe. Mahaifiyarsa ta ce shisshigi na yi masa, ni kuwa taimako na nufa. Ɗan fari ne, ba mu saba doguwar hira ba, kuma wannan ne abu na farko da nakan zauna kusa da shi ina kallo. In ƙarasa masa ne, ko in sa a kawo sabo, ko in ƙyale tunda jarrabawa na tafe?

Wani uba, daga Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ƙarasa masa, kada kuma ka sa a kawo sabo tukuna. Mai ɗakinka ta faɗi gaskiya, kuma na ga alamar kai ma zuciyarka ta riga ta gaya maka, shi ya sa ka rubuto.

Babu mai shakkar niyyarka. Uba ya ga ɗansa cikin damuwa, ya hana idonsa barci don ya share masa ita. Amma dubi abin da yaron ya tarar da safe. Falankin da ya sha wahala a kansa an ɓamɓare shi, an sa wani a madadinsa, ba a tambaye shi ba. A wurin mai shekara 14 wannan magana ce sarai, kuma abin da ta ce masa shi ne hannunka bai iya ba, kauce in yi. "An gode" ɗin da ya ce tarbiyyar da kuka ba shi ce ta yi magana. Rufe kwalin da ya yi shi ne amsarsa ta gaskiya. Jirgin ya tashi daga nasa, ya koma na Baba, kuma ba wanda yake ɗokin komawa kan aikin da ba nasa ba.

Wannan kwalin da ƙanenka ya zaɓa, na kamfanin Model Shipways, an tsara shi ne musamman don masu farawa, kuma karyewar falanki na cikin abin da kusan duk mai farawa yake gamuwa da shi. Idan an gama jirgin, abin da za a samu ɗan kayan ado ne mai tsawon kusan santimita 25 da za a ɗora a kan kanta. Ribar tana cikin yinsa, wato yaro ya koyi karanta zane, ya san awo, ya ji da yatsunsa inda katako yake yarda da inda yake ƙi, ya ɓata ya warware ya sake. Ranar da falankin nan ya karye, a ranar ne darasin ya fara, kai kuma tausayi ya sa ka ɗauke masa shi.

Don haka aikin farko ba na katako ba ne. Ka ba shi haƙuri. Na san nauyin wannan a gidajenmu, balle tsakanin uba da ɗan fari, inda ko sunansa ma wani ba ya iya kamawa. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, kuma kada ka yi a gaban ƙannensa. Ka same shi shi kaɗai, ka ce: "Na taɓa maka aikinka ban tambaye ka ba, ban kyauta ba. Kuma abin da na yi ne ya murɗe jirgin. In kana so mu warware, ka gaya mini abin da zan riƙe maka." Jimla ta biyun nan tana da muhimmanci, domin gaskiya ce, kuma za ta sauke masa wani kaya. Yanzu haka yana zaton shi kaɗai ne katakon ya gagara. Ya ji cewa babba ma ya gwada ya ɓata. Bayan nan ka yi shiru, kada ka tsaya jiran amsa. Wataƙila ya ce "ba komai" ya wuce. Ka bar shi.

Tunda kuma kana son dalilin zama kusa da shi, ga wanda ba ya buƙatar ka sa hannu a aikin. Ka san labarin jirgin da yake ginawa. Lowell sunan wata masana'antar jiragen katako ce a garin Amesbury na jihar Massachusetts, a bakin kogin Merrimack. Simeon Lowell ya kafa ta a 1793, kuma har yau ana gina jirage a cikinta. A shekarar 1911 kaɗai sun ƙera fiye da 2,000. Grand Banks kuwa wani yanki ne na Tekun Atlantika a gabar Newfoundland ta Kanada, inda ruwa ba shi da zurfi sosai kuma kifin kod ya yi yawa a da. Manyan jiragen da iska ke turawa sukan tashi daga garuruwa irin su Gloucester da Lunenburg ɗauke da waɗannan ƙananan kwalekwale da ake kira dory. Idan an isa, sai a sauke su da asuba, mutum biyu a kowanne, su baza dogayen igiyoyi masu ɗaruruwan ƙugiyoyi, su dawo da yamma. Masuntan Fotugal su mutum ɗaya suke sakawa a kowane jirgi.

Duk siffar jirgin daga wannan aikin ta fito. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, gefunansa sun buɗe zuwa sama, allunan zama kuma ana cire su, domin a jera jiragen ɗaya cikin ɗaya a kan babban jirgi su ci ɗan wuri. Idan babu kaya a ciki yana da rawa, amma da an loda masa kifi sai ya zauna daram. Mai tuƙa shi baya yake ba inda za shi, yana jan filafili biyu da suka jingina da 'yan turaku a bakin jirgin, saɓanin masu fito a kogunanmu da suke fuskantar gaba da filafili ɗaya ko gora. Launin rawaya-rawaya da aka saba shafa musu don a hango su cikin hazo ne, domin hazon wurin ya ci rayuka da yawa. A watan Janairun 1883 guguwar ƙanƙara ta raba wani masunci, Howard Blackburn, da babban jirginsa. Safar hannunsa ta faɗa ruwa. Da ya ga yatsunsa za su daskare, sai ya lanƙwasa su a kan filafilan don su sandare a haka ya iya ci gaba da ja. Abokin aikinsa Thomas Welch ya rasu a cikin jirgin. Shi kuwa ya yi kwana biyar yana tuƙi har ya kai gabar Newfoundland. Ya rasa yatsun hannunsa, amma a 1899 ya ratsa Atlantika shi kaɗai a jirgin iska. Ban san yaro ɗan shekara 14 da zai ji wannan bai ɗago kai ba.

Sai maganar katakon, don in ya tambaye ka ya tarar kana da amsa.

Lambar 1:24 tana nufin kowane abu an rage shi sau 24. Jirgi mai tsawon mita 6 ya koma santimita 25. Kuskuren milimita 1 a hannun ɗanka daidai yake da santimita 2.4 a jirgin gaske, shi ya sa ƙaramar karkata take bayyana haka. Katakon da ake sakawa a irin wannan kwali mai laushi ne, daga wata bishiya ta Arewacin Amurka, kuma kaurin falankin kusan milimita 1 ne. Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan kuwa an busar da shi kafin a yanka, ya zo Zariya iskar hunturu ta ƙara ƙamar da shi, don haka ba laifin hannun yaro ba ne da ya ƙi lanƙwasuwa. Abin da ke tausasa katako zafi ne tare da danshi, domin su ne suke sassauta sinadarin liginin da ya riƙe zaruruwan itace. A tsoma falankin a ruwan zafi na 'yan mintuna, a ɗora shi a kan haƙarƙarin jirgin ba tare da gam ba, a matse da fegin shanya da robali, a bar shi ya bushe sarai a wannan siffar. Gara ya kwana. Washegari idan aka cire fegin za a ga ya riƙe lanƙwasarsa, sannan a sa gam. Wanda ya liƙa falanki yana jiƙe, idan ya bushe zai tsuke ya bar kafa, domin katako a faɗinsa yake kumbura da tsukewa, a tsawonsa kaɗan ne ƙwarai.

Akwai aiki biyu kafin liƙi waɗanda masu farawa suke tsallakewa saboda ba a ganin ci gaba a cikinsu. Na farko, baƙin da ke gefen kowane guntu ƙunar na'urar leza ce da ta yanka shi. Gam ba ya kama shi da kyau, sai an goge shi sama-sama da lallausar samfefa, amma kada a ci katakon har siffarsa ta canza. Na biyu, bakin haƙarƙarin a miƙe aka yanke shi, alhali jikin jirgi a lanƙwashe yake, musamman wajen goshi da baya. Dole a goge bakunan a karkace har falanki ya kwanta a kan kowanne ba tare da ya hau kaifi ɗaya ba. A liƙa samfefa a jikin ɗan katako mai tsawon da zai haɗa haƙarƙari biyu ko uku a lokaci guda, a riƙa gogewa a hankali, ana gwadawa da siririn kwali. Ina kyautata zaton nan ne falankin ɗanka ya karkace. Haka kuma falankan wannan jirgi hawa suke yi, na sama ya ɗan rufe bakin na ƙasa, kuma wurin haɗuwar sai an ɗan sassabe shi, a ƙara sassabewa wajen goshi har su biyun su zama ɗaya. A nan ne littafin bayanin ya cancanci a karanta shi sau biyu kafin a ɗauki wuƙa.

Murɗewar jirgin kuwa dalilinta a fili yake. Kowane falankin da aka lanƙwasa yana ƙoƙarin miƙewa, yana jan haƙarƙarin zuwa ɓangarensa. Da ka rufe gefe ɗaya gaba ɗaya, ƙarfin ya taru a hannu guda babu mai ja daga ɗayan. Ƙa'idar ita ce ɗaya a dama, takwaransa a hagu, sannan a hau na gaba, jirgin kuma yana kife a kan allon gininsa har a gama. Kafin kowane liƙi a sa ido daidai goshin jirgi a hango zuwa baya, a tabbata gefunan biyu tsayinsu ɗaya.

Sufa gulu ba na wannan aikin ba ne, sai a wurare kaɗan. Yana kamawa kafin ka daidaita, yana shiga cikin katako ya ƙandarar da shi, samfefa ta kasa cin wurin daidai da kewayensa, ga haɗa yatsu. Farin gam na kafintoci shi ya dace. A ɗebo ɗan kaɗan da tsinken sakace, a goge wanda ya tsattsafo da jiƙaƙƙen burushi tun bai bushe ba, a matse na kamar rabin awa. Babbar falalarsa ita ce yana karɓar gyara, domin idan an liƙa a karkace, a jiƙa wurin da sifirit na kemis, a ɗan jira, gam ɗin zai saki. Wanda ka riga ka liƙa da sufa gulu sai asiton, wanda ake samu a ruwan goge jan farce. A ɗiga shi da ƙaramin burushi a kan mahaɗar, a maimaita har ta yi laushi, a zura siririyar reza a hankali. A yi wannan a tsakar gida, nesa da murhu da risho, domin yana kama wuta kuma warinsa yana hawa kai. Wannan kaɗai ne aikin da zan ce kai ka riƙe rezar, shi ma sai in ya ce a warware. In ya ce a bar naka yadda yake, ya ci gaba da ɗaya gefen, to hukuncinsa ne, ko da jirgin zai fito da 'yar karkata.

Falankin da ya karye ba asara ba ce. Kada a zubar da fallen katakon da aka ciro guntayen daga ciki, domin ramin da kowane guntu ya bari shi ne ma'aunin siffarsa. A ɗora shi a kan sabon katako, a zagaya da fensir mai tsini, a yanka da sabuwar wuƙa a bi layi sau da yawa ba tare da dannawa ba, jijiyar katakon tana bin tsawon falankin. Sau da yawa gefen fallen ma yana da sauran da zai isa. In bai isa ba, ka je wurin masu yin kujeru ka nemi siririn fallen da suke rufe fuskar tebur da shi, ko guntun obece a 'yan katako. Obece itacen dazukan Afirka ta Yamma ne, a Gana ana ce masa wawa, a Kamaru ayus, kuma masu irin wannan sana'a a Turai saye suke yi don falankan ƙananan jirage saboda laushinsa da rashin nauyi. Idan karayar ta tsaya a wuri mai kyau ma, a haɗa ta da farin gam, a manna ɗan ƙyallen takarda ta ciki, fenti zai rufe. Ƙanenka kuma yana iya tuntuɓar kamfanin game da madadin guntu ɗaya, wanda ya fi sayen sabon kwali sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa na ce kada a kawo sabo shi ne, sabon kwali zai gaya masa cewa idan abu ya lalace jefarwa ake yi a sayo wani. Wannan na hannunsa yana gyaruwa, kuma wanda ya taɓa warware mahaɗa ya sake liƙa ta ya daina tsoron katako.

Idan ya dawo kan aikin, matsayinka na yaron shago ne. Ka riƙe fitila, ka dafa ruwa, ka miƙa fegi, ka sayo samfefa da reza. In turancin littafin ya yi masa tsauri, ku karanta tare. Idan ka hango zai yi kuskure, ka auna. In na yanka yatsa ne, ka yi magana nan take, wuƙa kullum tana tafiya nesa da hannu, kuma dakusasshiya ta fi mai kaifi haɗari. In na katako ne kawai, ka tambaye shi, "ka gwada shi a bushe ka gani?", ka tsaya a nan. Wannan zai yi maka wuya fiye da yadda kake zato, musamman idan ka ga gam ya yi yawa ko layi ya kauce, amma ka daure. Kuma kada ka yaba abin da bai yi kyau ba, yara suna ganewa. Ka nemi wurin da ya fito daidai, ka nuna shi da yatsa, ka ce wannan mahaɗar ta zauna.

Maganar jarrabawa ba ta hana komai. Wannan aiki da kansa yake tilasta jira, domin ana lanƙwasa falanki yau, a liƙa gobe, takwaransa jibi. Rabin awa bayan la'asar ya isa, sauran lokacin katako ne yake bushewa, shi kuma yana kan littafinsa. In kana so ka sa iyaka, ka sa ta a kan lokaci, amma kada ka mayar da jirgin ladan cin jarrabawa ko abin ƙwacewa idan maki ya sauka. Ga lissafin kaso da awo da yake yi a kai ba tare da an ce masa darasi ba ne.

Idan an kai ga fenti, a shafa siriri sau biyu ko uku maimakon mai kauri sau ɗaya, ciki da waje, don kada danshin damina ya shiga ta gefe guda ya buɗe mahaɗai. A ajiye shi nesa da taga da rana, a wurin da ƙura da ƙannensa ba sa kaiwa.

Yana yiwuwa ka ba da haƙurin, mako biyu su wuce kwalin yana rufe. Kada ka tuna masa, kada ka aika mahaifiyarsa ta tuna masa. Ka sayo farin gam da samfefa da fegi ka ajiye kusa da kwalin ba tare da ka ce komai ba. Na kuma lura da wani abu a wasiƙarka. Mutumin da ya zauna tsakar dare ya liƙe gefen jirgi guda, shi ma abin ya shiga ransa. Ba abin kunya ba ne ga magidanci, a ƙasashen da wannan sana'a ta yi ƙarfi manya ne suka fi yawa a cikinta. Ka samo guntayen obece naka, ka ara littafin bayanin da izininsa, ka zana siffofin daga ramukan fallen, ka fara naka a ɗaya gefen tabarmar. Idan naka falankin ya ƙi kwanciya, ka tambaye shi yadda ya yi da haƙarƙarin jirginsa, domin a wannan matakin ya riga ka. Allah ya shirya mana su, ya sa albarka.